Makaranta ta ce a biya kuɗin koyon kiɗa: me yaro zai fara da shi, kuma yaya ake gane malamin kirki?

Tambaya: Wata uwa daga Rikkos a Jos ta ce makarantar 'ya'yanta ta aiko da takarda, wai a riƙa biyan kuɗi daban kowane zango domin koyon kiɗa. An ba su zaɓi tsakanin sarewa, kibod, jita, biyolin da ganguna. 'Yarta shekararta 8, tana aji uku na firamare, ɗanta kuma 12, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Tana so ta san ko kuɗin zai yi amfani, wanne ya dace da kowannensu, ko dole sai ta saya musu a gida, sannan ina matsayin kayan kiɗanmu na gargajiya.

Amsa: Hajiya, kafin ki biya ko sisi, ki je makarantar ki nemi amsar abu uku: yara nawa ne a rukuni ɗaya, kayan kiɗa nawa ne masu aiki, kuma darasin minti nawa ne. Kiɗa aikin hannu ne kamar ɗinki. Yaro ba ya iya shi da kallo ko da kwafar rubutu daga allo, sai yatsunsa sun taɓa abin sau ɗaruruwa. To ki yi lissafi. Idan yara 30 ne, kibod ɗaya, darasi minti 40, kowane yaro zai samu minti ɗaya da daƙiƙa 20, wannan ma in ba a ɓata lokaci wajen tsawatar da masu surutu ba. Zango yana da mako 12 zuwa 13, amma in an cire makon dawowa, hutun tsakiyar zango da jarrabawa, darussan da za a yi da gaske ba sa wuce goma. Kin ga ke nan a zango guda yaron bai taɓa kibod na minti 15 ba. Irin wannan ba koyarwa ba ce, kuma ban ga dalilin biyan kuɗi daban a kansa ba. Tsarin da ke haifar da ɗa mai ido shi ne yara huɗu zuwa shida a kibod ko jita, kowa da nasa ko biyu a kan ɗaya. Sarewa kuwa ana iya koya wa yara 15 ko 20 a tare, domin kowa yana riƙe da tasa.

Ki kuma tambaya ko wannan darasin daban yake da CCA. A manhajar ilimin bai-ɗaya da hukumar NERDC ta tsara, an haɗa kiɗa da zane da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, wanda yara ke kira CCA. A can ana koyon sunayen kayan kiɗa da ɗan bayani a kansu, kuma kuɗin makaranta ya riga ya ɗauki nauyinsa. Ƙarin kuɗin da ake nema dole ya zama na koyon kaɗawa da hannu.

Game da 'yarki, sarewar roba da malamai ke kira rikoda ita ce mafari mafi sauƙi. Ba ta da tsada, ba ta son lantarki, tana shiga jakar makaranta, kuma da ita yarinya za ta koyi sarrafa numfashi, ƙirga bugu da karanta rubutun kiɗa. Tana da rami takwas, bakwai a gaba, ɗaya a baya na babban yatsa, kuma hannun hagu ne a sama ko da yarinyar da hannun dama ta saba aiki. Wajen saye akwai tarkon da iyaye ke faɗawa. Iri biyu ce, kuma yadda ake ɗora yatsu a kansu ya ɗan bambanta. A yawancinsu za ki ga harafin B ko G a baya kusa da ramin babban yatsa. In babu harafi, ki ƙirga ramukan gaba daga sama: a mai B rami na biyar ya fi na huɗu faɗi, a mai G kuma na huɗu ne ya fi faɗi. Ki tambayi malamin wadda yake koyarwa da ita ki sayi irinta, in ba haka ba yarinya za ta ɗora yatsu yadda aka nuna mata, sauti ya fito a karkace, a ce ita ce ba ta ganewa. Kada ki sayi ta wajen masu kayan wasan yara. Ramukanta ba a daidai suke ba, babu gwanin da zai fitar da sahihin sauti da ita.

Ƙarar tsiwa da ke hana mutanen gida sakat a makonnin farko dalilinta uku ne. Na farko hurawa da ƙarfi. Iskar da ake so irin wadda mutum ke yi wa madubi ce in yana so ya goge shi, mai ɗumi, a hankali, harshe yana cewa "du" a farkon kowane sauti. Na biyu rami bai rufu duka ba. A rufe da tsokar yatsa, ba da bakin farce ba, kuma in ta ɗaga hannu ki duba, ya kamata ki ga shatin da'ira cikakke a jikin yatsan. Na uku ya fi damun 'yan Jos: da sanyin safiya, tururin baki yana zama ruwa a cikin kan sarewar, sauti ya dishe. Ta sa kan a hammata ko a aljihu na minti biyu kafin ta fara, in kuma ya toshe ta rufe tagar da ke ƙasan baki da yatsa ta hura da ƙarfi sau ɗaya. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu duk mako, kuma kada ta yi aron ta wani, saboda mura da ciwon baki.

Idan ranta ya fi kwanciya da kibod, shi ma ya dace da shekarunta, kuma ya fi kowanne koyar da yadda sautuka ke haɗuwa, don komai a shimfiɗe yake gaban ido. Amma sai akwai shi a gida. Fiyano cikakke madannai 88 gare shi. Mai koyo 61 sun ishe shi shekara biyu zuwa uku. Sharaɗi biyu ne ba a sassautawa: madannan su zama masu cikakken faɗi, ba ƙananan nan na wasa ba, sannan ya zama yana jin nauyin hannu. Gwajin a shago ba wuya. Ki danna madanni ɗaya a hankali, ki sake dannawa da ƙarfi. In ƙarar ba ta canja ba, ki bar shi, domin yaron da ya koya a kansa zai tashi yana dukan komai da ƙarfi ɗaya. In na hannu za ki saya, ki bi madannan 61 ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, ki kuma gwada ramin abin saurare na kunne, wanda zai raba ki da maƙwabta. Abin da ya fi kashe kibod a gidajenmu adafta ne. Ƙananan Yamaha yawanci bolt 12 suke sha, Casio da yawa kuma 9.5, don haka ɗauko adaftan dikoda ko na fitila a soka masa yana iya ƙona shi nan take. A yi amfani da nasa, a bi ta sitabilaiza, a zare shi daga bango in an ɗauke wuta, saboda ƙarfin da take dawowa da shi. Yawancinsu suna aiki da batir shida, wannan ya isa atisayen yamma in babu wuta. Wajen zama, gwiwar hannu ta yi daidai da tsayin madannai, a sa mata 'yar kujera ta taka in ƙafarta ba ta kai ƙasa ba.

Akwai wata cuta ta masu kibod da nake so ki sa wa ido. Na'urar tana da maɓallin da ke ɗaga sauti ko sauke shi, da wani mai kaɗa ganguna da rakiya da kansa. Malamin da ya saba wa yaro da su tun farko, cikin wata ɗaya za ki ji kamar an yi gwani a gida, alhali yatsu uku yake motsawa, kuma a kan jerin madannai iri ɗaya kawai ya iya kiɗa. Ranar da aka zaunar da shi gaban fiyano na gaske sai ya tsaya cik. A shekarar farko a bar waɗannan maɓallai a kashe.

Ɗanki mai shekara 12 ya kai jita. In yana da jiki, cikakkiya za ta yi masa. In ƙarami ne, a nemi mai girman kashi uku cikin huɗu. Ya fara da mai tsirkiyar nailan, don ta ƙarfe tana yanka yatsun sabon shiga har ya tsani abin. Ko da nailan ɗin, bakin yatsun hagu zai yi zafi mako biyu zuwa uku kafin ya yi kanta, kuma dole farcen wannan hannun ya zama a yanke. Wajen saye ki tafi da 'yar rula. A daidai ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar, in an ƙirga daga sama, tazarar tsirkiya da ƙarfen kada ta wuce milimita uku zuwa huɗu. Jita mai araha sau da yawa tazararta ta ninka haka, yaro ya yi ta matsawa sauti bai fita ba, a ɗauka lalaci ne. Kuma in tsirkiya ta tsinke, kada mai shago ya lallashe ku a ɗaura ta ƙarfe a jitar nailan. Jan ta ƙarfe ya kusa ninka na nailan, sai ya ɓamɓare katakon da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai ko ya lanƙwasa wuya. Saita tsirkiya kafin kowane atisaye wajibi ne. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin wannan.

Biyolin kuwa ba na ba da shawararsa sai in za a samu malami na yaro shi kaɗai duk mako. Kamar goge yake, babu alamar inda za a ɗora yatsa, kunne ne jagora, kuma kuskuren riƙo da ya zauna a watannin farko yana ɗaukar shekara kafin a cire shi. A rukunin yara goma babu mai lura da wannan. Ganguna ba sai an sayi saiti ba: sanduna biyu da faifan roba na atisaye sun isa shekara guda. Kakakin badujala, in makarantar tana da shi, a jira sai haƙoran gaba na dindindin sun gama fitowa sun yi ƙarfi.

Sai maganar hunturu, wadda duk mai kayan kiɗa na katako a Jos ya kamata ya sani. Katakon jita da biyolin yana son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar takan sauka ƙasa da kashi 20. Katako ya tsotse, fuskar jita ta tsage, bakin ƙarafan wuya su fito suna kartar hannu, kunnuwan biyolin su saki tsirkiya ta warware. Maganin yana cikin gida. A samu kwalin sabulu na roba mai murfi, a huda shi wuri shida ko takwas, a jiƙa soso a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a sa a ciki, a ajiye a cikin jakar jitar a zuge. Duk kwana biyu ko uku a sake jiƙawa. Ruwa kada ya taɓa katakon. Kada a rataye ta a bango a wannan lokacin, kada a ajiye ta kusa da kaskon wuta ko hita, kada a bar ta a but ɗin mota da rana. Da damina ta kankama sai a cire soson gaba ɗaya, don yanzu matsalar ta juya: tsirkiya na tsatsa, jaka na yin fumfuna. A goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane atisaye. Kibod ba ya tsagewa, amma ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai har wasu su daina magana, don haka a lulluɓe shi da zane duk lokacin da ba a amfani da shi.

Tambayarki ta kayan gargajiya ta faranta mini rai, don abin takaici ne a garin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da kuntigi, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, a ce takardar makaranta ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin namu ba. Ya rasu a 2015, kuma yara da yawa a yau ba su taɓa ganin kuntigi da idonsu ba. Ga kalangu, ga gurmi, ga goge, ga kundung na Birom da ake bugawa da sanduna. Kalangu musamman yana da wani amfani ga ɗan Bahaushe. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka ne ke raba ma'anar kalmomi, kuma makaɗi yana matse tsirkiyoyin kalangu a hammata ne ya sassauta don ya bi wannan hawa da saukar. Yaron da ya tashi da Hausa kunnensa ya riga ya san hanyar, hannu ne kawai zai koya. Wanda ya yi shekara a kan kalangu ba ya shan wahalar ƙirga bugu a kowane abin kiɗa daga baya.

Wahalar ita ce ba a koyar da su a aji. Bisa al'ada yaro yana bin makaɗi ne ya koya a wajen biki da wasa, wannan kuwa bai dace da ɗan makaranta ba. Abin da ke yiwuwa shi ne iyaye uku ko huɗu su haɗu, su yi magana da makaɗin da aka san halinsa, ya riƙa zuwa makaranta ko gidan ɗaya daga cikinsu ranar Asabar, awa ɗaya, da kuɗin da aka yanke tun farko. Tunda babu rubutu, a ɗauki abin da ya koyar a waya, yaro ya riƙa bi a cikin mako. A nemi ƙaramin kalangu daidai hammatar yaro. Fatarsa kan saki da damina. A shanya shi a rana mai sauƙi na ɗan lokaci, ba a bakin murhu ba.

Na san a gidaje da yawa akwai ƙyamar kada yaro ya zama maroƙi, akwai kuma batun hukuncin kiɗa a addini, wanda malamai suka yi saɓani a kansa. Wannan ku zauna da maigida da malamin da kuka amince da shi ku yanke tun kafin a fara. Abin da ke cutar da yaro shi ne a saya masa abu, ya sa rai, bayan wata biyu a ƙwace.

Malamin kirki kuma a darasi ake gane shi, ba a iya kiɗansa ba. Ki nemi a bar ki ki zauna a darasi ɗaya. Ki lura da wanda ya fi taɓa abin kiɗan, shi ko yaron. In malamin ne ke ta nuna gwaninta, kuɗin kallo kike biya. Ki ga ko yana gyara zama da riƙo da hannu, ko yana raba abu mai wuya gida-gida, ko yana rubuta aikin mako a littafi: shafi kaza, layi kaza, sau kaza. Ki tambaye shi littafin da yake bi da abin da yaro zai iya a ƙarshen zango. Wanda ya ce "sai yadda hali ya yi" ba shi da tsari. A Jos da yawa sun koya ta hanyar do-re-mi a ƙungiyoyin waƙa, kuma hanya ce mai kyau ta horar da kunne, amma ya kamata ya haɗa da rubutu mai layi biyar, wanda shi ake amfani da shi a littattafai da jarrabawa. Takardar NCE ko digiri a fannin kiɗa ƙari ce mai kyau. Duka kuwa, ko buga rula a yatsu, dalili ne na sallama a ranar, domin hannun da ke tsoro sandarewa yake yi. In a gida za a yi darasin, a yi shi a falo, ƙofa a buɗe, da babba a kusa, ko malamin namiji ne ko mace. In a makaranta ne bayan an tashi, ki san ɗakin, ki san wanda ke sa ido.

Duk da haka, darasin mako ɗaya ba ya koyar da kowa in babu atisaye a gida, shi ya sa amsar ko sai kin saya ita ce e. 'Yarki minti 10 zuwa 15 a rana, ɗanki 20 zuwa 30, kwana biyar a mako. Wannan ya fi awa biyu ranar Lahadi nesa ba kusa ba, don hannu da maimaici na kullum yake riƙe abu. A tsayar da lokaci ɗaya da ba ya karo da Islamiyya ko aikin gida. Kuskuren da kusan kowane yaro ke yi shi ne ya fara waƙa daga farko, ya zo wurin da ke ba shi wuya ya yi tuntuɓe, ya koma farko. A haka farkon yana ta kyau, wurin tuntuɓen yana nan. Ya ware wurin kaɗai, sauti huɗu zuwa takwas, ya rage gudu har ya iya shi ba kuskure, ya yi sau biyar a jere daidai, sannan ya haɗa da abin da ke gabansa. A kibod, kowane hannu shi kaɗai tukuna. Ba sai kin iya kiɗa za ki taimaka ba. Ki buɗe littafin malam ki ce a nuna miki layin da aka rubuta.

Bayan zango ɗaya na irin wannan, mai sarewa ya kamata ta iya sautuka biyar zuwa shida masu tsabta da gajerun waƙoƙi uku ko huɗu. Mai kibod ya iya ɗora yatsu biyar na kowane hannu ya kaɗa waƙa mai sauƙi yana kallon rubutu. Mai jita ya iya salon ɗora yatsu a kan tsirkiyoyi uku ko huɗu yana sauyawa, ko da a hankali. In zango biyu suka wuce babu wannan alhali ana atisaye, matsalar daga koyarwar take.

Jarrabawa ba ta gaggawa ba ce. Ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas da hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila suna shirya jarrabawar mataki-mataki, ta ABRSM daga mataki na 1 zuwa na 8, kuma yawanci sai yaro ya yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya shiga matakin farko. WAEC da NECO da JAMB duk suna da darasin kiɗa ga wanda zai ɗauke shi da nisa.

Wajen biya, zango ɗaya za ki biya, ba shekara ba, kuma a rubuta miki adadin darussan da abin da za a yi in malami bai zo ba, ramuwa ko ragi. Ki fara da sarewa ga yarinyar tunda kuɗinta kaɗan ne. Jitar yaron kuma, in akwai wanda zai ara muku ta wata guda, ku ara, sai zafin yatsu ya wuce kin ga yana ɗaukarta da kansa ba a aike shi ba, sannan ki je kasuwa da rularki.